Ledojin da Ke Ƙarƙashin Tagar Malam

Litinin, da yamma

Malam, maigidana, shi ne ya ce in sayi littafin nan. Ya ce tunda bakina ya mutu kwanan nan, in riƙa zubawa a takarda kada abin ya ruɓe mini a ciki. To ga shi na saya. Ban san me zan rubuta ba, bari in rubuta aiki.

Yau na je dubawa a kamfanin da ke turara sharar asibitoci, can bayan gari. Manaja ya tarbe ni a bakin get da hular kwanonsa a hannu, ya ce, "Hajiya, yau ma an zo leƙa mana tukunya?" Na ce an zo. Tukunyar tasu ƙaton bututun ƙarfe ce a kwance, mutum zai shiga ciki ya miƙe tsaye. Duk abin da asibitocin garin nan suka zubar, audugar jini, bandeji, safar hannu, robar ƙarin ruwa, a jajayen ledoji yake zuwa, a tura shi ciki, famfo ya zuƙe iskar, a sako tururi ya dafa shi. Sai ya dahu ake kai shi juji.

Nawa aikin shi ne in tabbatar zafin ya kai har tsakiyar lodin. Na kwance ledoji uku, na cusa 'yan kwalabena can ciki inda kaya suka fi cunkushewa. Kowace kwalba da ƙwayoyin gwaji masu taurin rai a cikinta, da ruwa mai launin shunayya. Idan tururi ya kashe su, ruwan zai zauna yadda yake. Idan sun rayu, bayan kwana biyu a akwatin ɗumi sai ya koma rawaya.

Ana cikin dafawa na ji wani siririn huci a bakin ƙofar tukunyar. Manaja ya ce robar bakin ce ta ɗan gaji, sun yi odar sabuwa. Takardar da injin ke bugawa ta nuna komai lafiya.

Daga can na wuce asibiti. Malam ya ci abinci kaɗan.

Talata, da safe

Auta ta tambaye ni yaushe za a sallami Abbanta. Na ce ta sa takalminta, za ta makara makaranta.

Laraba, bayan azahar

Duka ukun sun koma rawaya.

Na daɗe tsaye gaban akwatin ɗumin da murfinsa a hannuna. Ba rawaya mai kunya ba, rawaya ce kamar garin ɗorawa, wadda ko makaho aka gaya wa zai yarda. Na kira Manaja. Ya ce, "Duka?" Na ce duka. Ya ce, "Amma Hajiya, geji yana kaiwa." Na ce geji zafin bangon tukunya yake gani. Idan famfo bai zuƙe iska da kyau ba, sai ta maƙale a tsakiyar leda, tururi ya yi ta zagaye bai shiga ba. Ya san wannan, ni ma na san ya sani. Mutum dai yana son ya ji an sake faɗa.

Gobe zan kai masa takardar dakatarwa.

Likitan Malam ya tare ni a matakala, ya ce yana son ganina ni kaɗai. Na ce yau ina sauri.

Alhamis, da hantsi

Na rataya kwaɗon hukuma a makunnin tukunyar da hannuna. Ma'aikata sun tsaya cirko-cirko suna kallona, kowa da takunkuminsa a haɓa. Babu wanda ya yi mini rashin kunya, na fi son a ce sun yi. Manaja ya raka ni har mota, ya ce famfon daga waje ake kawo kayansa, ba ya jin zai iso a makon nan ko na gaba. Ya ce, "Motocin ɗiba fa, in tsayar da su?" Na ce ai dole, ina zai zuba?

Sai da na hau titi na tuna babban asibiti ma, inda Malam yake kwance, su ke kwashe musu.

Alhamis, da yamma

Na ga likita. Ya faɗi abin da nake gudun ji game da Malam. Kalandar ofishinsa ta bara ce, ba su cire ba. Akwai hoton wani tafki a jiki, da kwale-kwale ba kowa a ciki.

Asabar, da rana

Yau na tura gadon Malam kusa da taga don ya sha iska. Ashe rumfar sharar asibitin tagar take kallo. Shekara nawa ina shiga rumfar nan ta ƙasa da allon rubutuna, ban taɓa ɗaga kai na ga akwai masu kallonta daga sama ba. Ta cika, har an fara jera ledoji a jikin katanga.

Malam ya leƙa ya ce, "Duba-gari, wannan aikinki ne ko?" Tun muna saurayi da budurwa yake kirana haka. Na ce aikina ne. Ya nuna wata leda da ke gefe ita kaɗai ya ce, "Waccan tawa ce, na gane ta. Kin ga ta fi sauran tarbiyya." Na yi dariya. Shi ma ya fara, tari ya katse shi.

Masu zuwa dubiya suna tambaya, ina cewa da sauƙi.

Litinin, da safe

Oga ya kira ni ofishinsa. Bai ce in zauna ba sai da ya gama waya.

"Kin san asibiti nawa ke kai musu kaya?"

"Na sani, Yallaɓai."

"Tun jiya wayata ba ta huta ba. Ɗaya kamfanin ya ce iyakarsa ya karɓi kashi ɗaya cikin uku, shi ma tukunyarsa ba ta hutawa. Sauran fa? Mu ci?"

Na ce abin da kwalba ta nuna na rubuta.

"Ban ce ki canza komai ba," in ji shi. "Cewa na yi a duba hanya. Su rage lodi, su ƙara lokaci. Ba a yi?"

Na ce ana yi, amma sai an gwada an ga ya ci. Ya ce to a gwada. Na miƙe zan fita ya sassauta murya. "Na ji maigidan yana kwance a can. Yaya jikin nasa?" Na ce da sauƙi. Har yanzu ban sani ba ko gaisuwa ce ya yi ko tuni yake yi mini. Wataƙila shi ma bai sani ba.

Talata, bayan la'asar

Kafin in je gwajin na biya ta juji, in ga ramin da aka zuba lodin makonnin baya, waɗanda muka zaci sun dahu. Na ce a rufe shi da ƙasa tun ranar Alhamis. An rufe rabi.

A ɗaya rabin mata ne suke tsince-tsince. Wata dattijuwa tana zaune a kan bokiti tana yanke robobin ƙarin ruwa da reza tana tarawa a buhu, hannunta ba safa, yatsarta ɗaya a naɗe da tsumma. Na ce, "Baba, ku bar wurin nan, wannan kayan ba su dahu ba." Ta dube ni daga sama har ƙasa ta ce, "'Yar nan, ai an ce duk wanda ya zo nan an riga an dafa shi. Ku ne kuke faɗa." Na ce mu ne. Ta ce, "To?"

Ban bar wurin ba sai da mai katafila ya gama turo ƙasa. Matan sun koma gefe suna zagina a hankali. Dattijuwar ta tafi da buhunta, ban iya karɓewa ba.

Mun yi gwajin rabin lodi, mun kusa ninka lokacin. Manaja da kansa ya tura amalanken. Idanunsa sun yi ja.

Laraba, da magariba

Warin ya fara hawowa sama. Nas-nas sun rufe tagogin ɓangaren, ɗakin ya zama kamar tanda. Malam ya ce a bar tasa a buɗe.

Ya rame a wuya. Ban lura ba sai yau da nake gyara masa filo. Ƙarya nake, na lura.

Alhamis, da hantsi

Biyu shunayya. Ta ukun ba ta yanke shawara ba.

Ni kaɗai ce a ɗakin gwaji. Na ɗaga ta a hasken taga, na juya ta, na sa farar takarda a bayanta. Ba shunayya ba, ba rawaya ba, wani launi ne kamar ruwan wanke kwano. Idan na rubuta ta ci, babu mai cewa komai. Oga zai ji daɗi, Manaja zai yi barci, motoci su fito gobe da asuba, kafin azahar a wanke rumfar nan da ke ƙarƙashin tagar.

Ba zan rubuta tsawon lokacin da na yi a tsaye ba.

Na mayar da ita akwatin, na ce ta ƙara kwana.

Juma'a, da safe

Rawaya.

Juma'a, da yamma

Yayar Malam ta tare ni a barandar asibiti. Wata nas ce ta gaya mata ni ce na rufe kamfanin. Ba ta ko amsa gaisuwata ba.

"Ashe ke ce? Ke ce kika jibge wa ɗan'uwana wannan ɗoyi a kansa?"

Na ce, "Yaya, ki yi haƙuri, injin ne ba ya—"

"Kar ki gaya mini inji. Mutum yana kwance yana neman iskar da zai shaƙa, ke kina can kina wasa da kwalabe. Sa hannu ɗaya! Me zai rage ki da shi? In ba ki tausaya wa mutanen gari ba, shi fa? Kwana nawa ya—"

Ta rufe bakinta da gefen mayafi. Ni ma ban ƙarasa mata ba. Muka tsaya muna kallon wani mai share baranda har ya wuce mu da tsintsiyarsa. Daga baya ta miƙo mini kular da ta zo da ita ta ce, "Ki ba shi da zafinsa." Ta tafi ba ta shiga ba.

Yaya ce ta goye shi yana jariri. Ina ta tuna wa kaina wannan.

Asabar

Ban je ko'ina ba sai asibiti. Da sauƙi, da sauƙi, da sauƙi. Bakina har ya saba, yana faɗa kafin a tambaya.

Lahadi, bayan la'asar

Ashe ya ji mu ranar Juma'a. Ƙofar ba ta rufe sosai.

Ina tsaye a taga ina kallon ledojin, sun kai har bakin famfon wanki, an lulluɓe wasu da tamfol. Ina lissafin ko za a samu motar sanyi ta haya, a ajiye masu saurin ruɓewa a ciki. Sai ya ce, "Duba-gari, zo ki zauna."

Na ce ina zuwa.

"Ki zo yanzu. Ni warin nan bai dame ni ba. Hancina ya yi ritaya tun makon jiya, ko turaren Yaya ba na ji."

Ban san haka ba. Kullum ina nan, ban sani ba.

Ya ce, "Abin da ya dame ni daban. Kina shigowa ki gaishe da nas, ki duba robar ruwa, ki duba kwano, ki tafi taga. Komai na ɗakin nan kin duba shi, ban da ni. Ko ni ma sai an ba ki takarda daga ofis?"

Na zauna a bakin gadon. Na dube shi. Ban san yaushe rabona da kallon fuskarsa sosai ba. Gemunsa ya fito fari a gefen da ba ya fari a da.

Ya ce likita ya gaya masa tun kafin ya gaya mini. Ya roƙi likitan kada ya faɗa mini tukuna, ni kuma na roƙe shi kada ya faɗa wa Malam. "Bawan Allah," in ji shi, "mun sa shi a tsakiya, kullum sai ya shigo yana kallon silin." Muka yi dariya har nas ta leƙo. Daga nan kuma ba dariya ba ce, ta ja mana ƙofa.

Mun yi maganar Auta. Mun yi maganar abubuwa. Ba na rubutawa a nan ba ne.

Da zan tafi na tambaye shi, da shi ne ni, da ya sa hannun? Ya ce, "Ni malamin makaranta ne, na sha ƙara wa yaro maki biyu don uwarsa ta yi kuka. Kar ki tambaye ni. Shi ya sa ba ni aka ba kwaɗon ba."

Talata, da safe

An samu motar sanyi guda, ta rage sharar ɗakin tiyata da ta ɗakin haihuwa. Oga ne ya nemo ta. Bai gaya mini ba, a bakin direba na ji.

Laraba, da rana

Na gaya wa Auta. Ba duka ba, daidai abin da za ta iya ɗauka. Tana wanke safar makarantarta a lokacin. Ta ci gaba da cuɗawa, ta cuɗa, ta cuɗa, sannan ta ce, "Umma, shi ya sani?" Na ce ya sani. Ta ce to gobe ba za ta je makaranta ba. Na ce to.

Juma'a, da hantsi

Kayan famfo sun iso. Manaja ya kira ni muryarsa na rawa kamar an yi masa haihuwa. Na je na tarar da su kwance a ƙarƙashin injin, shi da makanikai, rigarsa ta ofis duk baƙin mai. Sun sa sabuwar roba a bakin ƙofa. Da aka kunna famfon, allurar geji ta faɗi can ƙasa, inda ya kamata ta je tun da can. Babu huci.

Na ce lodi uku za mu yi, cikakku, irin na ranar da aiki ya fi yawa, ba na nuna wa baƙo ba. Ya ce, "Hajiya, ko goma kika ce." Muka zauna a kan benci muna jiran tururi. Ya ce shi ma ya ji hucin nan tun kafin in zo, ya yi ta cewa bari wata ya ƙare. Na san yadda ake jin abu a ce bari wata ya ƙare.

Lahadi, da safe

Na je ofis duk da ba ranar aiki ba ce. Na buɗe akwatin ɗumi, idona ya faɗa kan rawaya. Na zauna a ƙasa, a kan tayil, da jakata a kafaɗa. Na ce shi ke nan, ba zan iya wani makon ba.

Sai da na nutsu na duba lambar jikinta. Kwalbar shaida ce, wadda ba a sa wa a tukunya, ana ajiye ta ne don a tabbatar ƙwayoyin da rai suke tun farko. Dole ta yi rawaya. Ni da nake koya wa sababbin ma'aikata wannan.

Sauran duka shunayya. Na jera su a kan tebur na yi ta kallo.

Litinin, bayan azahar

Na cire kwaɗon. Kafin la'asar motoci sun fara shiga asibiti. Malam ya sa an ɗaga masa kan gado yana kallon masu lodi, yana ba su umarni ta taga ba sa jinsa. Yaya tana zaune tana yanka masa lemo. Ta matsa mini a kan benci ba ta dube ni ba, na zauna. Ta miƙo mini ɓari ɗaya.

Ya ce yana son komawa gida. Likita ya ce babu laifi. Ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa babu laifi.

Laraba, da yamma

Mun dawo da shi. Mun sa gadon a falo saboda ya riƙa ganin masu shiga da fita. Nas ta koya mini allurar da sauya bandeji, ta sa na yi a gabanta har na iya. Da za mu taho ta ba ni kwalin zuba allurai da ƙunshin jajayen ledoji, ta fara yi mini bayanin yadda ake ɗaure su da inda ake kaiwa. Na bar ta ta gama. Ta iya bayani.

Asabar, da hantsi

Leda ta cika, kwalin ma ya kusa. Na sa a bayan mota na kai kamfanin da kaina. Manaja ya hango ni ya taho da sauri, ya zaci dubawar ba-zata ce. Da ya ga abin da ke hannuna sai ya tsaya. Ya cire hular kwanonsa.

"Na gida ne?"

Na ce na gida ne.

Ya karɓa da hannu biyu. Bai miƙa wa kowa ba. Ya ce kada in ƙara wahalar zuwa, motarsu tana bi ta unguwarmu, zai sa a riƙa tsayawa duk mako. "Har zuwa..." Ya gyara riƙon ledar. "Duk mako dai, Hajiya."

Ya tambayi mai jiki. Na buɗe baki in ce da sauƙi, sai na ji na ce, "Babu sauƙi, Manaja. Amma yana gida." Ya gyaɗa kai. Ya ce Allah ya sa kaffara ne. Na ce amin.

Lahadi, da safe

Ya sha rabin kofin shayi. Auta tana karanta masa aikin gidanta, yana kama mata kuskure ido a rufe. Ya ce in nemo reza in rana ta yi ɗumi, ni yake so in aske masa gemun, wai wanzami surutu gare shi.

Na ce ban taɓa yi ba.

Ya ce, "Ki yi a hankali. Ba inda za ni."